Tsohuwar Marsandi ko Lexus: wacce ta fi dacewa da hunturun Winnipeg?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Winnipeg a ƙasar Kanada, kuma wannan ne hunturun farko da zan yi da motar kaina. Ina da dalar Kanada 10,000. Na ga motoci biyu masu kusan farashi ɗaya, kowacce ta haura kilomita 200,000: Marsandi E350 4MATIC 'yar 2006, da Lexus LS430 'yar 2005. Zuciyata ta fi karkata ga Marsandin saboda tayoyinta huɗu ne ke ja, ita kuwa Lexus na baya ne kawai. Wacce ta fi ƙarko, wacce kuma ta fi dacewa da ƙanƙara? Ita kaɗai ce za ta zama motar gidan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In dai tsakanin waɗannan biyun ne, ɗauki Lexus ɗin, amma da sharaɗi biyu: tsatsa ba ta ci ƙasanta ba, kuma ba mai shokozobar iska ba ce. Kana karɓar makulli ka sa mata tayoyin hunturu guda huɗu. Marsandin ba banzar mota ba ce, tana da daɗin tuƙi ƙwarai, sai dai 2006 ita ce shekarar da manyan cututtukanta biyu suka haɗu a jiki ɗaya.

Na san inda son Marsandi ya samo asali a zukatanmu. Mun tashi muna ganin 200 da 230E da V-boot suna zaryar Kano da Maiduguri shekara da shekaru, bakaniken bakin titi yana gyara su da sifana da guduma. Waccan shaidar gaskiya ce, amma ta waɗancan motocin ce. E350 ta 2006 tambarin kawai suka haɗa da su. Ita kwamfutoci ne birjik a cikinta suna magana da juna, kuma ɗaya na yin tari sauran su kama.

Cuta ta farko a birki take. Wannan samfurin, wanda masu gyara ke kira W211, daga 'yar 2003 zuwa 'yar 2006 an yi shi ne da wani tsarin birki mai suna SBC. In ka taka, ba ƙarfin ƙafarka ne ke matse tayoyin kai tsaye ba. Kwamfuta ce ke auna takun, sai wani famfo mai aiki da lantarki ya tura man birki zuwa kowace taya. Yana kamawa da kyau, ba a musun wannan. Matsalar ita ce famfon yana da iyakar kwana, har ma kwamfutar tana ƙirga sau nawa aka taka birki, in adadin ya cika ta kunna gargaɗi a dashbod. In kuwa ya mutu kana cikin tafiya, abin da zai rage maka shi ne birkin gaba kaɗai, babu wani ƙarfi da ke taimaka wa ƙafarka, a mota mai nauyin sama da tan ɗaya da rabi. Kamfanin da kansa ya yi kiranyen motoci kusan 680,000 a 2004, ya sake kiran kusan miliyan 1.3 a 2005, sannan da ya sabunta samfurin, daga kan 'yar 2007, ya watsar da SBC ya koma birkin da kowa ya sani. Ka lura da inda abin ya shafe ka: birki ne da ya dogara da lantarki, a garin da sanyi ke karya batir.

Cuta ta biyu a cikin inji take. E350 tana ɗauke da inji mai silinda shida, lita 3.5, mai lamba M272. Cikinsa akwai wata sanda da ke juyawa don rage girgiza, kuma a kanta akwai giya mai haƙora wadda sarƙar taimin ke bi. A injunan farko ƙarfen giyar bai yi ƙwari ba, haƙoran sai su riƙa cinyewa, sarƙa ta saki, taimin ya goce. Alamarta fitilar inji ta kama, in an jona na'urar bincike ta nuna P0016 ko P0017. Ita kanta giyar ba wani kuɗi ba ce. Kuɗin yana wajen isa gare ta, domin sai an sauke injin gaba ɗaya, kuma a ƙasar da bakanike ke caji da awa, wannan aikin yana iya cinye fiye da rabin abin da ka sayi motar. An gyara matsalar a masana'anta daga kan injin da lambarsa ta wuce 468993 a ƙarshe, kuma 'yar 2006 tana cikin na kafin nan. In mai sayarwa ya ce an riga an yi aikin, to ya kawo rasit. Magana ta baka ba ta shiga lissafi.

Akwai ƙananan abubuwa kuma: robar da ke buɗe ƙofofin iska a manifol tana karyewa, soket ɗin wayoyin akwatin giya yana yoyon mai har man ya bi waya ya hau zuwa kwamfutar giyar. Waɗannan ana iya zama da su. Abin yabo ɗaya shi ne masu 4MATIC na wannan samfurin suna da tsohuwar giya mai hawa biyar, wadda ta fi mai hawa bakwai ta farko juriya. In ranka ya kafe a kan Marsandi, nemi E350 4MATIC 'yar 2008 ko 2009, wadda babu SBC kuma injinta ya tsallake waccan lambar. A kan waɗannan ba zan hana ka ba.

Ita LS430, an yi ta daga 'yar 2001 zuwa 'yar 2006, da inji mai silinda takwas, lita 4.3, 3UZ-FE. Dangin injin ne da Toyota ta fito da shi a LS400 ta 1989, kuma yana cikin injuna mafi juriya da aka taɓa sa wa motar alfarma. Kilomita 200,000 a wurinsa ba tsufa ba ne matuƙar ana yi masa juye a kan kari. Amma kada ka ji an ce Lexus ka ɗauka ba ta cin kuɗi. Injin bel ɗin taimin ne da shi, ba sarƙa ba, kuma ana so a canza shi a duk mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000. In ya tsinke, fistin da bawul za su yi karo. Shi bel roba ne, shekaru ma suna cinsa ko da motar ba ta yi tafiya ba. Don haka tambayarka ta farko ga mai motar ita ce yaushe aka canza shi, kuma an haɗa da famfon ruwa? In babu takarda, ka lissafa kuɗin aikin ka cire daga farashi. Kik ɗinta kuma a tsakiyar inji yake, ƙarƙashin manifol, ranar da ya mutu sai an kwance saman injin kafin a kai gare shi. Sauran su ne bushin na hannuwan gaba, injin kulle ƙofa, da lagireto mai kan roba wanda in ya fara komawa ruwan ƙasa to ya kusa tsagewa. Bambancinta da Marsandin shi ne yawancin waɗannan suna ba da sanarwa tun da wuri, kuma duk bakaniken da ya saba da Toyota zai iya yi maka su.

Sharaɗin shokozobar iska da na ambata ba son rai ba ne. Wasu LS430 masu cikakken ƙawa suna zaune ne a kan jakunkunan roba da kwamfiresa ke hurawa, haka ma Marsandi masu Airmatic. Bayan shekara ashirin robar ta riga ta yi ƙananan tsagu. Da zafi ba ka ganewa. Sanyi na tsananta robar ta ƙanƙance, iska ta fara sulalewa, ka fito da safe ka tarar da mota ta durƙusa ta gefe ɗaya. Kwamfiresa ya yi ta aiki ba hutawa har ya ƙone, ga danshin da ke cikin bututun yana daskarewa ya toshe bawul. Ana iya cire tsarin a mayar da ita kan sifirin na ƙarfe, mutane da yawa haka suke yi, amma me zai sa ka sayi aiki da kuɗinka alhali akwai wadda tun daga masana'anta a kan sifirin take?

Yanzu ga abin da ya fi damunka, wato tayoyi huɗu masu ja. Gaskiya ne 4MATIC tana tashi daga fitilar hanya cikin sauƙi, tana kuma fita daga dusar ƙanƙara inda mai jan baya za ta tsaya tana wulwula taya. Amma nan amfaninta ya tsaya. Wajen tsayawa, kowace mota da tayoyi huɗu take birki, wajen kwana kuma riƙon taya ne ke hana ta zamewa. Haɗarin hunturu yawancinsa a waɗannan wurare biyu yake aukuwa. Ma fi muni, 4MATIC tana ruɗar sabon direba: tun da ta tashi ba gardama sai ya ɗauka titin lafiya lau yake, ba zai san gilashi yake takawa ba sai ya nemi birki. Mai jan baya kuwa tun a ƙofar gida take gaya maka akwai santsi.

Abin da ke raba gardama shi ne taya. Robar tayar da ake cewa ta kowane yanayi tana fara taurarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, kuma a -25 ta zama kamar katako. Tayar hunturu an haɗa robarta ne yadda za ta zauna da laushi a wannan sanyin, ga dubban ƙananan tsagu a jikinta da ke cizon ƙanƙara. Alamarta hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, a gefen tayar. Haruffan M+S kaɗai ba su wadatar ba. A wajen tsayawa da kwana, LS430 mai tayoyin hunturu ta fi E350 4MATIC mai tayoyin kowane yanayi, nesa ba kusa ba. A jihar Kwibek doka ce a sa su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Manitoba, jihar da Winnipeg take ciki, ba ta tilasta ba, amma hukumar inshorarta, MPI, tana ba da rance mai sauƙin ruwa don sayen su. In ba ka son hulɗa da ruwa, ka cire kuɗinsu daga dala 10,000 ɗin tun yanzu, shi ya fi. Blizzak ta Bridgestone, X-Ice ta Michelin, Hakkapeliitta ta Nokian, duk wadda ka samu a cikinsu ta yi. Manitoba ta kuma halatta tayoyi masu ƙusa daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, kuma a garinku, inda sanyi kan yi tsananin da gishiri ba ya iya narkar da komai har titunan unguwa su koma daskararriyar ƙanƙara mai kwazazzabai, mota mai jan baya tana amfana da su sosai. Suna da ƙara a busasshen titi, wannan ne aibinsu.

Guda huɗu za ka sa, ba biyu a baya kawai ba. In ka sa biyu, baya zai riƙe, gaba ya ƙi juyawa. Ka saya musu rim nasu daban masu araha, inci 17, ka bar na inci 18 ko da su motar ta zo. Siririyar taya ta fi yanka dusar ƙanƙara, kuma ramukan da ke buɗewa a titunan Winnipeg bayan narkewa ba sa tausayin babban rim. In za ka sayi na hannu, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta wuce shekara shida a bar ta, ko da zanenta bai goge ba. Iskar taya ma tana raguwa da kusan psi ɗaya (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a duk digiri biyar zuwa shida da sanyi ya ƙaru, saboda haka ka riƙa aunawa.

A LS430 akwai maɓalli mai rubutun SNOW. Yana sanyaya totur ya sa motar ta tashi a hankali, kada ƙarfin silinda takwas ya faɗa wa tayoyin baya lokaci guda. Ka bar shi a kunne duk ranar da titi ya yi fari. Buhu biyu na yashi a cikin but, daidai saman tayoyin baya, suna ƙara riƙo, kuma ranar da ka maƙale ka farke ɗaya ka zuba a ƙarƙashin taya. Birki kuwa, in ka taka da ƙarfi ka ji yana karkarwa a ƙafarka, ABS, tsarin da ke hana tayoyi kullewa, ne yake aikinsa. Kada ka ɗaga, kada ka yi ta famfo, ka danne ka ci gaba da sarrafa sitiyari. Da ƙanƙarar farko ta sauka, je ka wani filin ajiye motoci da babu kowa ka gwada wannan har ƙafarka ta saba. Gada tana daskarewa kafin sauran titi domin iska na bi ta ƙarƙashinta. Na'urar riƙe gudu kuma a kashe ta har sai hunturu ya wuce.

Akwai ɗabi'u biyu da muke tahowa da su daga gida waɗanda a nan suke kashe inji. Ɗaya ita ce zuba ruwan famfo a lagireto. Ruwa in ya daskare kumbura yake, yana iya fasa lagireto har da jikin injin. Haɗin rabi ruwa rabi maganin daskarewa yana karewa zuwa wajen -37, kuma tun da Winnipeg takan leƙa kusa da nan, a sa maganin ya kai kashi 60. Ta biyu ita ce cire tamostat don wai kada mota ta yi zafi. A nan in babu shi inji ba zai ɗumama ba, hita ba za ta ba da zafi ba, gilashin gaba ya yi hazo ya daskare ta ciki kana tsakiyar titi. Ruwan wanke gilashi ma sai mai rubutun -40.

Batir shi ne abin da ya fi tsayar da tsofaffin motocin alfarma a watan Janairu. Sanyi yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, inji yake neman ƙarfin da ya fi na kullum. Waɗannan motocin kuma ko a kashe suke suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa a sanyinku, amma wanda ya zube yana iya daskarewa ya kumbura, daga nan sai juji. In na cikin motar ya haura shekara huɗu, canza shi a watan Oktoba. Marsandin ta 2006 ma batir biyu gare ta, babba a but, ƙarami a gaba yana tsaron birkin nan na SBC. Sai hitar inji: wayar da kake gani tana leƙowa ta gaban motocin garinku, da soket-soket da ke jere a wuraren ajiye motoci. In sanyi ya kai -15 a jona ta, awa huɗu kafin fita sun isa. Motar da aka kawo daga Vancouver ko daga Amurka mai yiwuwa ba ta da ita, ka duba. Ba sai ka bar mota tana aiki a tsaye rabin awa ba. Da gilashi ya washe ka tafi a hankali, tafiya ce ke ɗumama giya da sauran sassa. In kuwa ka taɓa maƙalewa kana zaune ciki da inji a kunne, fita ka share bakin salansa, domin in ƙanƙara ta toshe shi hayaƙi mai guba, wanda ba shi da wari, cikin motar zai dawo.

Tsatsa ita ce abin da ba ya gyaruwa da araha, shi ya sa na sa ta a sharaɗin farko. Fenti mai sheƙi ba ya gaya maka komai. A ɗaga motar sama, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukurdireba: ka duba ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, wuraren sa jak, ƙasan ƙofofi, da siraran bututun man birki da ke bi ta tsawon motar. Jan tsatsa na sama-sama ba komai, kowace mota a Kanada tana da shi. Wanda ke ɓarewa falle-falle, ko sukurdireba ya nutse a ciki, ka yi sallama ka tafi. Rahoton tarihin mota na Carfax zai nuna maka inda ta zauna. Wadda ta yi rayuwarta a kudancin Ontariyo ko Kwibek ta sha gishiri fiye da wadda ta zauna a yamma. Bayan ka saya, a riƙa fesa mata man hana tsatsa irin na Krown ko Rust Check sau ɗaya a shekara, ana kuma wanke ƙasanta duk ranar da sanyi ya sassauta.

Sai maganar aljihu. Farashin motar ne ya faɗi, farashin kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dukansu biyu man fetur mai lamba 91 suke so, kuma a cikin gari ka sa ran lita 14 zuwa 15 a kowace kilomita 100, da hunturu ma fiye. Injin Marsandin lita takwas na baƙin mai yake sha a juye ɗaya, kuma sai mai cika ƙa'idar Marsandi mai lamba 229.5. Saboda haka daga dala 10,000 ɗinka, kada kuɗin motar ya wuce 6,000 zuwa 6,500. Sauran na tayoyi ne, da batir, da harajin kashi 7 da za ka biya wajen rajista, da bel ɗin taimin in ba a yi ba, sannan a bar wani abu a ajiye don abin da ba a zata ba. In motar kaɗai za ta cinye 9,000, to ba ka kai ga sayenta ba tukuna. Ka ce ita kaɗai ce motar gidan, kuma da ita za ka je aiki. In lissafin bai fita ba, nemi Avalon ko Camry ko Lexus ES350. Masu jan gaba ne, nauyin inji yana kan tayoyin da ke ja, kayansu kuma a kowane shago ana samu. Avalon ma faɗi da laushinta ba su yi nisa da na LS ba.

Takardar binciken lafiyar mota da Manitoba ke buƙata kafin a sauya sunan mai ita tana duba birki, fitilu, sitiyari da makamantansu ne. Ba ta cewa komai a kan bel ɗin taimin ko giyar cikin inji, don haka ka biya bakanike mai zaman kansa, wanda kai ka zaɓa ba mai sayarwa ba, ya yi nasa binciken ya jona na'ura. Kuma ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, ka dubi tsayuwar kusurwoyinta huɗu, sannan ka murza makulli da kanka kana sauraro. In ka iso ka tarar ya riga ya ɗumama ta, ce masa za ka dawo gobe.